Wa Ya Ce Rediyo Ya Zama Tsohon Yayi?

A wani taron dattawan ikkilisiya da na halarta, an soke kuɗin shirin wa'azi na rediyo domin a sayi kyamara da babban majigi. Hujjar ita ce wadda ake ji ko'ina yanzu: wai rediyo ya zama tsohon yayi, jama'a duk sun koma Facebook da YouTube. Ban yarda ba a ranar, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Wace jama'a ake nufi? Masu kuɗin data a Jos da Kaduna, ko manomin da sai ranar kasuwa yake samun cajin waya?

Kakata ba ta taɓa riƙe alƙalami ba. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa tun 1932, amma a wurinta rufaffen ɗaki ne. Da kunne ta san Bisharar Yohanna. Da almuru takan kifa turmi ta ɗora rediyonta a kai, murfin batir ɗaure da ƙyalle, ta yi ta murzawa cikin ƙugi har ta kamo ELWA, tashar da mishan ɗin SIM ya buɗe a Monrobiya a 1954. Akwai kuma Muryar Bishara, wadda ake ɗauka a Jos, a watsa daga Addis Ababa, har gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace tashar a 1977. Dubi nisan da magana take yi kafin ta iso tsakar gidan tsohuwa guda! Yau muna da tashoshin FM a bakin ƙofa, muna cewa tsada.

Kyamara kuwa na ga abin da take yi wa mai wa'azi. Da an kunna ta sai kwat ta fito, Hausa ta koma gefe, Turanci ya hau bagade. Mai magana a rediyo ba shi da fuskar nunawa, dole maganarsa ta yi nauyi.

Akwai abin da dattawan nan ba su faɗa ba, ni zan faɗa: mai sauraron rediyo ba ya cika benci, ba ya jefa baiko a faranti. Makaho ne, ko majinyaci, ko matar da rikici ya kora zuwa sansanin 'yan gudun hijira, cocin ƙauyensu ya zama kufai. Su aka yanke wa shirin, kuma ko ɗayansu bai zauna a taron ba.