Makiyayi Shi Kaɗai Ba Shi Da Murya

A cikin watan Yuli na 2024 ne Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya. Kafin wannan kuwa, Jihar Binuwai ta kafa dokar hana kiwon sake a 2017, sa'an nan gwamnonin Kudu suka taru a Asaba cikin watan Mayu na 2021 suka goyi bayan irin wannan hani. Ma'anar duk wannan ita ce ana tura mai shanu zuwa ga kiwo a killace. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne, mutum guda ba ya iya ɗaukar nauyin wannan sauyi, sai fa in ya shiga ƙungiyar 'yan'uwansa masu sana'a.

Abu na farko shi ne ƙasa. Tun 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya, amma da yawa daga cikin filayen ba a tabbatar da su a gazet ba, har gonaki da gine-gine suka cinye su, suka toshe burtali da mashaya. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 kuma ta danƙa filaye a hannun gwamna. Makiyayin da ya fito daga ruga shi kaɗai, da wuya ya wuce ƙofar sakatariya. Ƙungiya mai rajista kuwa tana iya rubuta takarda, ta ɗauki lauya, ta bi maganar har a sa hannu. Jamhuriyar Nijar ta nuna misali: ƙungiyoyin makiyaya, cikinsu har da AREN wadda aka kafa a 1990, sun matsa har dokar kiwo ta 2010 ta amince cewa ƙaura da dabbobi haƙƙi ne na makiyayi.

Na biyu, lafiyar dabbobi. Dattawa ba su manta da ɓarnar da bushiya ta yi a 1983 ba. An shelanta kawar da ita daga duniya a 2011, kuma allurar gayya ce ta yi wannan aiki. Ciwon huhu yana nan har yanzu. Maganin rigakafin da ake haɗawa a Vom yana bukatar sanyi, kuma kwalba guda ta garke ce babba. In mutum ya yi wa nasa ya bar na maƙwabci, a mashaya ɗaya za su haɗu. Ƙungiya ce ke iya tsai da rana, ta tara shanu, ta kira malamin dabbobi.

Na uku, ciniki. Masu killace shanu dole su sayi dusa da angurya da kanwa, kuma sari a dunƙule ya fi sauƙi. Kamfanin madara ba zai aika mota domin ƙwarya guda ba, amma zai aika inda mata ɗari suka tara tatsarsu. Haka banki, wanda ba ya karɓar saniya jingina, ya fi sakin jiki da mutanen da suka tsaya wa juna.

Amma fa tilas a faɗi gaskiya. Ƙungiyar Miyetti Allah, wadda ta samo asali a Kaduna cikin shekarun 1970, ta yi suna ƙwarai, sai dai an fi jin ta wajen rigima da gwamnoni bisa ga wajen maganar nono da magani. Akwai kuma ƙungiyoyi masu kama da juna a suna, abin da ke ruɗa jama'a. Inda shugabanni ke zaune a birni suna karɓar kuɗin kati ba tare da lissafi ba, ɗan ƙungiya bai ƙaru da kome ba.

Saboda haka ya kamata mai shanu ya tambayi abu uku kafin ya biya ko sisi: shin akwai rajista, ana zaɓe a kan lokaci, ana kuma karanta lissafi a gaban taro? Ma'aikatan gwamnati su ma ya wajaba su binciki wannan kafin su miƙa taimako. Sabuwar ma'aikata ba za ta iya bin ruga-ruga ba. Da wanda ya zo da jama'a a bayansa za ta yi magana.