Abin da tafkin Attabad ya tarar a Hunza

Daga garin Gilgit da ke arewacin Pakistan, babbar hanyar Karakoram tana bin kogin Hunza tana hawa, gefe guda dutse, gefe guda rami, har ta kai mashigar Khunjerab a kan iyakar ƙasar Sin, mita 4,693 sama da teku. Tsawonta daga Hasan Abdal zuwa Kashgar ya kai kusan kilomita 1,300. Cikin dutse aka sare ta, kuma ma'aikata kusan dubu, 'yan Pakistan da 'yan Sin, sun rasa rayukansu kafin a kammala ta a ƙarshen shekarun 1970.

Matafiya kan tsaya su ɗauki hoton Rakaposhi, tsauni mai mita 7,788 da ƙanƙara ba ta barin kansa. Ni kuwa abin da nake so mai karatu ya lura da shi wani siririn layi ne da ya ratsa jikin tsaunukan. Sama da layin ko ciyawa babu, ƙasa da shi kuwa kore shar: alkama, dankalin turawa, itatuwan marmari. Magudanar ruwa ce da mutane suka sassaƙa da hannu. Ruwan sama kaɗan ne a wannan kwari, don haka kowace gona da narkakkiyar ƙanƙara take rayuwa. Idan sanyi ya wuce, gidaje kan ba da mutane a fita yashe magudanar, sannan a raba ruwa bi da bi. Wanda ya ƙi fita aikin, gari ya san shi.

Gaba da garin Karimabad sai ga wani tafki shuɗi da ya cika kwarin. Kafin ranar 4 ga Janairun 2010 babu shi. A ranar ce gefen tsauni ya zaftaro a ƙauyen Attabad, ya kashe mutum 20, ya toshe kogin. Ruwa ya yi ta taruwa har tafkin ya kai kilomita 21, zurfinsa ya haura mita 100. Ya cinye ƙauyen Ainabad da sassan Shishkat da Gulmit, ya haɗiye kusan kilomita 20 na hanyar. Mutum kimanin 6,000 suka rasa matsuguni, wasu kimanin 25,000 a yankin Gojal, wato Hunza ta sama, suka wayi gari ba hanyar mota tsakaninsu da sauran ƙasar.

Shekara biyar ana haka. Buhunan dankali, wanda shi ne kuɗin manomin Gojal, sai an sauke su daga mota a loda a jirgin katako, a can ƙetare a sake lodawa. Ƙaramar mota ma sai a shimfiɗa katakai a tura ta kan jirgi a ɗaure. Mai naƙuda da ɗalibi da ɗan kasuwa duk jirgin nan suke jira, kuma in hunturu ya yi tsanani ruwan kan daskare. Ba a dawo da hanya ba sai a Satumban 2015, bayan an huda duwatsu an ratsa da kwalta ta ciki. An sha wuya ƙwarai. A Agustan 2011 'yan sanda sun harbe wani uba da ɗansa a garin Aliabad cikin masu zanga-zangar neman diyya.

Duk da haka garuruwan ba su watse ba, kuma a ganina dalilin ya girmi tafkin da shekaru. Tun 1946 aka fara buɗe makarantu a yankin da kuɗin Aga Khan na uku, wanda a lokacin shi ne shugaban mabiya Isma'iliyya, waɗanda su ne mafi yawa a Hunza. Boko ya riga kwalta zuwa da shekara talatin, kuma daga baya 'yan mata suka cika azuzuwa. A 1982 kuma aka kafa shirin tallafa wa karkara na Aga Khan a Gilgit, ƙarƙashin Shoaib Sultan Khan. Sharuɗɗansa ba su da yawa: ƙauye ya kafa ƙungiya, a riƙa zama a kai a kai, kowa ya riƙa ajiye ɗan abin da ya samu a asusu, a rubuta. Mutanen gari ne za su zaɓi aikin da suka fi bukata, a ba su tallafinsa sau ɗaya, kula da shi kuma a wuyansu yake. Da yawa magudanar ruwa suka zaɓa, ko hanyar da za ta haɗa su da babban titi. Saboda haka da bala'i ya zo, ya tarar da mutanen da suka saba zama tare, suna da jerin sunayen gidaje, sun san wanda ke riƙe da littafi.

Wani zai ce ai suna da mai kuɗi a bayansu, kuma ba su da yawa. Gaskiya ne. Amma zaman mako da littafin asusu ba kuɗin Aga Khan suke ci ba. Mu ma muna da gayya, muna da adashi. Abin da muka rasa shi ne ɗorewa: ƙungiyar ci gaban gari takan farka ranar ƙaddamar da gidauniya, a yi alkawura a gaban manyan baƙi, daga nan shiru sai wata sallar. Ga shi mu ma ruwa kan yanke mana hanya: a 2022 ambaliya ta rufe hanyar Abuja zuwa Lakwaja, manyan motoci suka yi kwanaki a tsaye, har mai ya yi wuya a Abuja. Wannan babbar hanya ce, kowa ya ji labarinta. Ƙauyen da kwalbatinsa ɗaya ke karyewa duk damina fa, wa yake jin nasa?

Ina roƙon masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin garuruwanmu, musamman na bakin kogi da na kan dutse irin Mambila, su kira zama tun da rani. A sa rana tsayayya, a buɗe asusu, a damƙa littafin ga wanda aka yarda da amanarsa, mata ma su sami nasu zaman. A fara da yashe magudanar da ke bakin kasuwa kafin ruwan farko ya sauka.