Roba Ba Kariya Ba Ce: Kafin Ka Ɗora Keke A Mota



Watan jiya na raka ƙanena daga Kano zuwa Zariya, da kekensa da zai riƙa hawa zuwa aji. Direba ya kwantar da keken a saman mota, ya ɗaure da robar tsohon tub, ya ce, "Malam, kwantar da hankalinka, na ɗauki abin da ya fi wannan." Muna wuce Kwanar Dangora muka faɗa rami, roba ta tsinke, keken ya zame ya faɗo kan kwalta. Da ƙyar mai babur ɗin da ke bin mu ya kauce, ga mace da goyo a bayansa. Direba ya ce tsautsayi ne. Ni kuwa na ce sakaci ne, kuma har da nawa, tunda ina kallo aka ɗaure.

Ra'ayina shi ne, duk mai motar da ke yawan ɗaukar keke ya nemi kariyar da aka yi domin keke, kuma kada farashi kaɗai ya zaɓa masa. Iri uku ne aka fi sani.

Ta farko ta saman mota ce. Keke yana tsayawa a kan tayoyinsa, ga hannun ƙarfe riƙe da shi. Ba ta rufe lamba, ba ta hana buɗe but. Amma sai ka ciccibi keken sama da kanka, mota tana ƙara shan mai saboda iska, kuma ranar da ka manta da shi, ƙofar gareji ko reshen darbejiya zai tuna maka. Sannan rufin mota yana da iyaka. A yawancin ƙananan motoci tsakanin kilo 50 ne zuwa 100, har da nauyin kariyar kanta, kuma a rubuce yake a littafin motar.

Ta biyu ita ce wadda ake maƙalawa a murfin but da maɗaurai masu ƙugiya. Ta fi araha, tana ɗaukar keke biyu ko uku, in an gama a naɗe ta a ajiye. Aibinta, tana goge fenti, maɗauran suna sakewa a hanya mai gargada, kuma keken na iya rufe lamba da fitilun birki. Wanda ke bayanka bai ga ka taka birki ba, ka san sauran. Keken mata kuma, da ba shi da sandar tsakiya, ba ya zama daidai a kanta sai an ƙara masa sanda.

Ta uku ana sa ta ne a mazaunin jan tirela da ke ƙarƙashin bamba. Ita ta fi ƙwari, ga ta ƙasa-ƙasa, ba sai ka ɗaga keke da yawa ba. Sai dai ba kowace mota ke da mazaunin ba, kuma a nan ne masu motocin Kwatano ke yin asara. Wadda ta fito daga Amurka rami gare ta mai kusurwa huɗu, inci 1.25 ko inci 2. Ta Turai kuwa dunƙulen ƙarfe ne mai faɗin milimita 50. Ka durƙusa ka leƙa kafin ka biya.

Kada kuma a manta da keken kansa. Tsohon Raleigh ko Phoenix irin na iyayenmu yana kusan kilo 20, mai batir yakan wuce haka. Kariyar da aka yi wa keken tsere marar nauyi ba za ta ɗauki irin waɗannan guda uku ba.

Na san wani zai ce, "Mu da muke fama da kuɗin mai, ina mu ina kayan Thule na Suwidin?" Gaskiyarsa. Ban ce dole sai na kamfani ba, masu waldarmu sun iya aiki. Amma ka tsaya a kansa: ya auna motar da keken, ya ɗaure da noti maimakon ya liƙa ƙarfe a jikin mota, ya sa roba duk inda ƙarfe zai taɓa fenti, ya yi wa kowace taya mazauni da maɗauri, ya bar lamba da fitilu a fili. In kun tashi tafiya, ka girgiza keken da ƙarfi. Idan shi kaɗai ke motsi ba tare da motar ba, bai ɗauru ba. Bayan 'yar tafiya kaɗan a tsaya a sake ɗamewa.

Keken ƙanena ya gyaru, gargare ɗaya muka canza. Abin da ba zai gyaru ba shi ne wanda saura ƙiris ya faru da matar nan da ɗanta, waɗanda ba su san an ɗaure komai ba.

Sai wani makon.