Ra'ayinmu: Kafin wata ya rufe rana a 2027

Ranar Litinin 2 ga Agusta 2027 wata zai shiga tsakanin rana da duniya. A Luksor ta Masar duhu zai rufe gari fiye da minti 6, inuwar ta gifta kusurwar arewa maso gabashin Sudan, ta ƙetare Bahar Maliya ta faɗa Jidda da Makka. A Gedambaliya da sauran ƙauyukan Gadarif ranar ba za ta rufe ruf ba, amma za a ci fiye da rabinta, wajen azahar, a tsakiyar damina, lokacin da 'yan ƙwadago ke cikin gonakin dawa da riɗi.

Wasu za su ce wannan zancen masu ƙoshi ne, kuma ba mu raina hujjarsu. Tun 15 ga Afrilu 2023 Sudan take cikin yaƙi. Gadarif ta karɓi ɗimbin 'yan gudun hijira daga Khartum da Jazira, har makarantu suka zama masauki, ga kwalara, ga tsadar man tarakta. Akwai kuma masu tuna tauraron ɗan'adam na farko da Sin ta harba wa Sudan a Nuwamba 2019, suna tambayar abin da ya ƙara wa manomi a rumbu. Tambaya ce da ta dace.

Sai dai manomin Gadarif bai taɓa daina duba sama ba. Da taurari yake lissafin damina, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, kusan kowane kwana 13, ya san wanda ruwansa ke da nauyi, irin lissafin da malaman ƙasar Hausa ma suke yi. Kuma Sudan ta taɓa yin abin da ya girgiza masana ba da kuɗi masu yawa ba. A 7 ga Oktoba 2008 wani dutse daga sararin samaniya ya tarwatse a saman hamadar Nuba, ƙasa da kwana guda bayan an hango shi daga Amurka, karo na farko da aka ga irinsa tun kafin ya faɗo. Ɗaliban Jami'ar Khartum, ƙarƙashin Dakta Mu'awiya Shaddad, suka jera sahu a rairayi kusa da wurin da ake kira Tasha ta Shida suna tsintar ɓaraguzansa da hannu. Har yau masana na nazarinsu.

Haɗarin kallon husufin kuma na gaske ne. Yaron da ya ƙura wa rana ido lokacin husufi yana iya ƙona idonsa bai ji zafi ba. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya karewa, haka gilashin da aka turara da hayaƙi.

Hukuncinmu shi ne a shirya, amma kada a taɓa kuɗin magani ko na iri. Jami'ar Gadarif ta tura ɗalibanta ƙauyuka, rediyon jiha ya yi bayani da Larabci da Hausa, limamai su haɗa gargaɗin ido da koyar da sallar kusufi tun Juma'ar da za ta gabaci ranar. Kayan aikin suna cikin gida: a ɗaga rariya a juya wa rana baya, kowace huda za ta zana ƙaramin jinjirin rana a ƙasa. In hadari ya rufe sama a ranar, wanda a Agusta ba abin mamaki ba ne, yara sun dai koyi dalilin da gari ya dusashe da tsakar rana.