Taimakon Ɗan'uwa Yana da Iyaka a Ƙofar Ɗakin Jarrabawa

Abin farin ciki ne ganin ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare a Birnin Kudu da Gwaram suna zama bayan La'asar gabanin WAEC da NECO, wanda ya fahimci zagayawar jini ko gadon halitta yana warware wa ɗan'uwansa. Wannan sadaka ce, balle Imamul Gazali ya lissafa ilimin likitanci cikin farillan kifaya.

Sai dai, ya ku iyaye, ku faɗa musu cewa miƙa amsa a ɓoye ha'inci ne, ko da an kira shi zumunci. Wanda ya ci bayoloji da satar amsa, gobe shi zai riƙe allura a asibiti, majinyaciyar kuwa wataƙila mahaifiyar wanda ya miƙa masa takardar ce.