Sanarwar Bayan Taron Masu Sana'ar Sanyi na Birnin Yamai Kan Takardar Izinin Aiki

Mu masu girkawa da gyaran firigo, kilim da ɗakunan sanyi a birnin Yamai, iyayen gida da yaran shago, daga Katako, Wadata, Talaje har Harobanda, mun zauna kan batun takardar izinin aiki. Ga abin da muka tsayar.

Taron bai daɗe kan takardun kasuwanci ba, don hanyarsu sananniya ce. Duk mai shago ya je Maison de l'Entreprise ya yi rajistar RCCM, ya karɓi lambar haraji ta NIF, ya kuma nemi rajista a majalisar masu sana'ar hannu, CMANI. Wanda ba shi da su ba ya shiga neman kwangilar banki ko asibiti da sunansa. Sai ya laɓe bayan wani mai takarda, shi ya hau tsani cikin ranar Afrilu, wani ya kwashe riba.

Inda muka daɗe shi ne gwanintar hannu, domin waɗannan takardu ba sa shaidarta. Aikinmu ya canja. Nijar tana cikin yarjejeniyar Montreal ta 1987 da gyaran da aka yi mata a Kigali a 2016, kuma a ƙarƙashinta gas ɗin R-22 da yawancinmu muka koyi aiki da shi zai bar kasuwa nan da 2030, sai ɗan abin da za a rage don gyaran tsofaffin injuna. Sababbin gas ɗin da ke shigowa suna da nasu hali. R-600a da ke cikin sababbin firigo da R-290 suna kama wuta. Yaron da ya kunna wutar walda a bayan firigo bai kwashe gas ba, a shago mai ƙofa ɗaya, ransa da na maƙwabtansa ya sa a gaba. Haka wanda ke girka kilim ba tare da famfon zuƙe iska ba: danshi ya zauna cikin bututu, kwamfuresa ya ƙone bayan ƴan watanni, a ɗora wa ɗaukewar wuta laifi, mai gida ya sake biya. Wannan cin amana ne, kuma sunanmu duka yake ɓatawa.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatar muhalli, ta hannun ofishinta mai kula da ozon, tare da hukumomin koyar da sana'o'i, su zauna da mu kan katin shaidar ƙwarewa na mai taɓa gas. Muna so masu sayar da gas su riƙa neman katin kafin su miƙa tukunya.

A nan aka yi doguwar muhawara, kuma dattawanmu suna da gaskiya. Da yawa daga cikin gwanayen garin nan ba su da difloma ta CAP ko BEP. A gaban maigida suka koya, da sauraron kukan inji da taɓa bututu. Idan jarrabawa ta zama ta biro da Faransanci, za a kori mutanen da suka horar da rabin masu difloma. Taron ya tsaya kan cewa a gwada mutum a gaban inji: ya gano yoyo, ya kwashe gas cikin tukunya bai sake shi iska ba, ya yi walda, ya cika da awo. Tambayoyi kuwa a yi su da baki, da Hausa ko Zabarmanci. Kundin mulkin ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, to a ga hakan a ɗakin jarrabawa.

Wani ya tambayi makomar masu girka injin ɗumama ruwa, aikin da ke tashi lokacin hunturu. An yarda kati ɗaya ya haɗa su, a ƙara musu gwajin haɗa waya.

Muna roƙon asusun FAFPA ya tallafa da horo, musamman ga yaran shago, kuma kuɗin katin ya zama wanda ƙaramin mai shago zai iya biya. A namu ɓangaren, kowane maigida ya ɗauki alkawarin rubuta sunayen yaransa da shekarun da suka yi a hannunsa, ya kuma daina tura sabon yaro shi kaɗai aikin da ya shafi gas.

An naɗa kwamitin da zai kai wannan sanarwa ga hukumomin da aka ambata, ya dawo da amsarsu a zama na gaba, kafin bazara ta kama, in Allah ya yarda.

A madadin mahalarta,
Shugaban Taro
Sakataren Taro