A Ba Ɗiyanmu Mata Kakar Wasansu

Kwanan baya ɗan yayata da ke karatu a jami'ar Tahoua ya zo hutu Badaguishiri. Muna zaune tsakar gida bayan isha'i ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Inna, dubi abin da ƴan matan jami'a ke yi a Amurka." Na ga mata sanye da hulunan kwano, ƙafafunsu cikin takalma masu bakin ƙarfe, suna sulɓi a kan daskararren ruwa, kowacce riƙe da sanda mai lanƙwasa suna korar wani ɗan baƙin faifan roba. Wai hoki na ƙanƙara. Na yi dariya na ce mu nan ƙanƙarar da muka sani ita ce ta leda, wadda ake rububinta cikin azumi. Da ya yi mini bayanin yadda aka tsara abin, sai dariyar ta tsaya.

Ƙungiyar ta jami'ar Wisconsin ce. A kakar 2024-2025 ƴan matan sun buga wasa 41 daga ƙarshen Satumba zuwa Maris. Sun ci 38, sun yi kunnen doki 2, sau ɗaya tak aka doke su. Ranar 23 ga Maris 2025, a birnin Minneapolis, suka kara da jami'ar Ohio State a wasan ƙarshe. Saura ƙasa da daƙiƙa 20 a tashi ana cinsu 3 da 2, wata ɗaliba mai suna Kirsten Simms ta farke, kuma ita ce ta sake ci a ƙarin lokaci. Kofi na takwas ke nan da jami'ar ta ɗauka. Dukansu ɗalibai ne, kuma doka ce: wadda ba ta riƙe karatunta ba, ba ta shiga fili.

Ba ina kiran a gina mana filin ƙanƙara a Adar ba. Abin da ya tsaya mini a rai lissafi ne. Wasa 41 a shekara ɗaya, an san ranar kowane tun kafin a fara. Sai na tambayi kaina: cikin shekara ashirin da na yi ina riƙe da alli, wasa nawa na taɓa shirya wa ɗiya matan ajina, wanda aka sa masa rana, aka sa alƙali, aka rubuta sakamako? Ko ɗaya babu.

Bari in fara da laifina kafin in taɓa na kowa. Duk lokacin da jadawali ya ce motsa jiki, abin da nake yi shi ne in jefa wa maza ƙwallo, in ce wa mata su zauna gindin bedi, ko su share aji kafin mu dawo. Haka na ga ana yi, haka na yi. A makarantar horon malamai an koya mana darasin motsa jiki kamar kowane darasi, amma da muka fito sai ya zama lokacin hutun malami.

Akwai wata yarinya da na koyar a ajin ƙarshe na firamare, ba zan faɗi sunanta ba. A hutun ƙarfe goma takan tsere wa duk mazan ajin, ba takalmi, zani ɗaure. Ta wuce kwaleji da sakamako mai kyau. A shekara ta biyu ta daina zuwa. Na gamu da ita a kasuwa da tiren talla a ka, na ce, "Ke ɗiyata, me ya raba ki da lakwal?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Madam, na yi mako uku ban je ba, ba wanda ya tambaya." Ba a kore ta ba, ba a yi mata aure ba a lokacin. Ta dai ga zuwanta da rashinsa duk ɗaya ne.

A nan ne nake ganin amfanin ƙungiya. Na san abin da wasu iyaye za su ce, kuma suna da gaskiya: ɗiyar ƙauye ba ta rasa motsa jiki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum. Yarinyar da ta yi daka da asuba, ta ja guga, ta ɗauko itace, ta wuce wannan tun kafin hantsi. Abin da turmi ba ya ba ta shi ne matsayi a cikin ƴan uwanta. A aji mai cike da yara, idan ɗaya ta yi fashi malami na iya kwana biyu bai lura ba. A ƙungiyar mutum bakwai, idan mai tsaron gida ba ta zo ba, kafin la'asar ƙawayenta shida suna ƙofar gidansu. Yarinya takan riƙe wurin da ake cigiyarta.

Alƙaluman UNICEF sun nuna kusan uku cikin huɗu na matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18. A Disamba 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare ɗiya mace da ke karatu. Doka tana hana a cire yarinya daga makaranta, amma ba ta iya sa mata son zama. Wannan aikinmu ne, malamai da iyaye. Ba na cewa ƙwallo zai magance talauci ko nisan kwaleji daga ƙauye. Igiya ɗaya ce cikin igiyoyin da ke ɗaure yarinya da karatu, kuma ita ce mafi araha a cikinsu.

Sannan akwai rashin adalcin da muke gani kowace shekara muna shiru. Jarrabawar BEPC tana da gwajin motsa jiki. Yaro namiji ya yi shekaru yana buga ƙwallo a kowane fegi na gari. Yarinya kuwa an zaunar da ita gindin itace tun tana ƙarama, ranar gwaji a ce ta yi gudu ta yi tsalle a gaban jama'a, a ba ta maki. Wanda bai yi shuka ba, me ya kai shi gona da lauje? Mu ne ba mu shuka ba, ita ce ke biya.

Yanzu maganar da ta fi nauyi, wato sutura da kunya. Ni uwa ce, ina da ɗiya mata biyu, kuma ba zan yarda a fitar da su tsakiyar samari da gajeren wando ba. Amma ba dole sai da haka ake wasa ba. Tun 2014 dokokin ƙwallon ƙafa na duniya suka amince mace ta buga da kanta a rufe, hukumar ƙwallon kwando ta bi sahu a 2017. Dogon wando mai faɗi, riga har gwiwa, ɗan hijabi da ba ya kama iska, telan unguwa zai ɗinka. A yi wasan cikin makaranta mai katanga ko dannin zana, malama mace ta jagoranta, ƴan kallo su zama uwaye da ƴan mata. Malamanmu na addini sun san ruwayar da ke cikin Abu Dawuda, cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, ta tsere masa, daga baya shi ma ya tsere mata. Kuma mu da muka tashi muna gaɗa a dandali da farin wata, muna faɗawa hannun ƙawaye suna cafe mu, yaushe tsallen ɗiya mace ya zama baƙon abu a ƙasar Hausa?

Masu cewa ba mu da kayan aiki, su dubi kokawa. A nan Tahoua aka fara gasar ƙasa a 1975, ga shi yau jihohi takwas suna haɗuwa neman takobi, ƙasa duka ta tsaya cik tana saurare. Da me aka fara? Yashi, makaɗa, da rana tsayayya. Su ma Amurkawan ba dare ɗaya suka kai nan ba. A 1972 suka yi dokar da ta hana makarantar da ke cin kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin mace da namiji, har da wasanni, amma sai 2001 babbar hukumar wasannin jami'o'insu ta fara ba da kofin hoki na mata. Kuma ɗiyan yankinmu sun nuna abin da ke jikinsu idan aka buɗe ƙofa. Tekiath Ben Yessouf ta Nijar ta kai wasan neman tagulla a tekwando a gasar Olamfik ta Tokyo. Ƴan ƙwallon kwandon mata na Najeriya sun kai zagayen kwata-fainal a Olamfik ta Paris a 2024, abin da wata ƙungiyar kwando ta Afirka, maza ko mata, ba ta taɓa yi ba.

Ga abin da nake roƙo, kuma bai fi ƙarfinmu ba. Mu ware watanni huɗu na sanyi, Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da an gama girbi kuma zafin bazara bai sauko ba, su zama kakar wasan ɗiya mata. Kowace makaranta ta kafa ƙungiya ɗaya, ta ƙwallon hannu ko ta raga ko tseren miƙa sanda, abin da filinta zai ɗauka. Yamma ɗaya a mako a yi horo na awa ɗaya, a sallami yara kafin magariba. Makarantu huɗu ko biyar da ke kusa, waɗanda za a iya zuwa da ƙafa ko da amalanke, su tsara jadawali tun Oktoba, a manna shi jikin ƙofar direkta. Sharaɗin shiga ɗaya ne: wadda ta yi fashin aji ba dalili a makon, ba ta bugawa. Wannan shi kaɗai na aro daga Wisconsin. Kwamitin iyayen yara ya sayi ƙwallo biyu da usur, ƙungiyar uwaye ta zaɓi mata biyu masu rakiya. Idan abin ya kama ƙasa, wata rana zakarun Badaguishiri su je Illela, na Malbaza su karɓi na Ƙonni.

Uwaye ƴan uwana, na san awa ɗayan nan daga aikin gidanku za ta fito. Ɗan'uwanta namiji yana da hannu biyu, ya ja guga ranar. Iyaye maza, ku zo ku ga wurin da idonku, ku kafa sharuɗɗanku, sannan ku ba da izini. Malamai kuma, mu daina miƙa wa mata tsintsiya a lokacin da takarda ta ce wasa.

Ni dai na fara da ajina. Na sayi ƙwallo da kuɗina, na zana fili da toka a bayan aji, na raba ƴan mata gida biyu. A mako na uku ɗaya ba ta zo makaranta ba. Kafin in buɗe rajista in kira suna, uku sun ɗaga hannu suna neman izinin zuwa gidansu su dubo ta. Abin da nake nema yanzu makaranta ɗaya ce a kusa da za ta ce mana: ku zo ranar kaza, muna jiranku.